Dosiyen da Aka Hana Ni Taɓawa

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ban ci komi ba, kuma ba azumi nake ba.

Na fito aiki kamar kullum. Na buɗe biro, wato ofishina, na kunna fanka, kuran ɗin lantarki ya ɗauke. Litinin ce ranar da motar jandarma ke zuwa cike, domin waɗanda aka kama ƙarshen mako duk ana tara su ne a kawo mana nan parke, ofishin mai shigar da ƙara. Aikina na girefiya, magatakardar kotu, shi ne in karɓi pebe, takardar bayanin da jandarma suka ɗauka, in ba kowace lamba a rajista, in kai wa Furokire, mai shigar da ƙarar, ya duba. Na daɗe ina wannan aiki har ina gane laifin mutum daga zamansa a benci. Ɓarawon akuya kan sunkuyar da kai. Wanda ya yi faɗa a kasuwa sai ya yi ta bayani ba wanda ya tambaye shi.

Yau na leƙa ta taga, na ga rigar da na ba tela ya ɗinka da babbar salla, shuɗiya mai aiki a wuya. Yana zaune ƙarshen benci, hannunsa ɗaure da na wani. Bai ɗago kai ba. Ni ma ban tsaya kallo ba.

Ɗana ne na fari, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, kuma ba yau zan fara rubuta shi ba. Yayan ɗiyata Hindatu dai.

Ajidan, babban jandarman, ya miƙo mini takardu, ya riƙe guda. Ya ce, "Madam, wannan ni zan shigar da kaina."

Can sai Furokire ya kira ni. Mushe Khalil muke ce masa, yaro ne a kaina, bara aka kawo mana shi daga Damagaram. A gaban mutane Madam Sa'adatu yake ce mini, in mu kaɗai ne Mama.

"Mama, zauna."

Na zauna.

"Daga yau wannan dosiye, takardun ƙarar nan, ba ki ganinsa, ba ki taɓa shi, ba ki tambayar kowa a kansa. Estelle abokiyar aikinki za ta dawo teburinki, ke ki koma nata. Na kira Dosso na gaya wa na sama da ni, shi ma haka ya ce. Ba don ban yarda da ke ba."

"Na sani, Mushe Furokire."

"Kuma zan sa hannu a tsare shi a kaso, gidan yari, kafin shari'a. Wanda aka buge yana gidan likita bai farfaɗo ba, kuma an yi gudu bayan hatsari. Ko da wani ne, haka zan yi."

Na ce, "Ai shi ma wani ne."

Ya dube ni, ya ɗauki alƙalami. Na fito kafin ya sa hannun.

Talata, 7 ga Oktoba, da azahar

Teburin Estelle yana ɗaya gefen gini, inda ake ba da takardun shaidar ɗan ƙasa. Tagarsa na kallon fili da itacen dogon yaro. Daga nan ba a ganin benci. Ina jin da gangan aka zaɓa mini.

Na buga hatimi tun safe. Hannuna na ciwo.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Abin da duk Dogon Dutsi ta sani shi zan rubuta, ba ƙari. Ran Alhamis da yamma, a kan laterit, hanyar jan ƙasa, tsakanin Kore Mairuwa da Dumega, babur ɗin kabu-kabu ya buge wani makiyayi yana ƙetarar da shanu. Sunansa Tukur. Babur ɗin ba fitila. Mai babur bai tsaya ba. Masu amalanke ne suka tsinci mutumin, har ya daɗe a kwance.

Yau Alhaji Abdussalam ya zo daga Kore Mairuwa, ƙanin marigayi mai gidana. Ko tabarma bai bari na shimfiɗa ba.

"Uwar Hindatu, mun riga mun shirya komi. Asabar da asuba za a ƙetarar da yaro iyaka zuwa Kangiwa wajen dangi, har magana ta lahwa. Mu huɗu muka san yana ɗakin ajiyar gidanki. To wa ya gaya wa jandarma?"

Na tashi na kawo masa ruwa.

"Ba ruwa ya kawo ni ba. To, abin da ya wuce ya wuce. Ke da kike cikin gidan shari'a shekara da shekaru, kalma guda ba ki iya faɗi a sako ɗan ɗan'uwana?"

Na ce masa an ɗauke ni daga kan maganar. Ya yi dariya, ya ce wanda ke bakin tukunya ba ya cewa bai san inda ludayi yake ba. Na yi ƙoƙarin nuna masa cewa girefiya rubutu take yi, Furokire ke yanke hanyar da dosiye zai bi, alƙali ke hukunci, kuma shi kansa Furokire yana da wanda yake ba bahasi a Dosso. Ya ce, "Duk wanga turanci ne. Da Yaya na da rai da ba haka ba."

Wataƙila.

Zabin maƙwabta sun sake shigowa sun tone mini alayyafo. Sai na sa an gyara dannin nan.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Hindatu ce ke kai masa abinci in ta taso daga makaranta. Ni ke dafawa, ita ke ɗauka. Ba ta ce mini zo mu je, ni ma ban ce ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Wani tsoho ya wuni ƙarƙashin dogon yaro tun jiya, da malfa da sanda. Yau ya taso ya zo tagata, don ita ce kaɗai ke buɗe ta wannan gefen. Ya ciro takarda daga cikin hula, ta jiƙe da zufa.

"Ɗiyata, duba min wagga. An ce in zo, na zo, ban san ƙofar da zan shiga ba."

Takardar kira ce daga parke. Rubutun Estelle. Na karanta sunansa, Ma'azu, daga wata ruga kusa da Dumega. Na karanta layi na biyu, uban Tukur ne. Na so in ce masa ya zagaya can, amma an tashi aiki, ba kowa can, kuma ya biya mota ya zo.

Na ce ranar Litinin aka kira shi, ba yau ba. Ya ce ba komi, yana da masauki a kasuwar dabbobi. Sai ya tambaya mi za a yi wa wanda ya buge masa ɗa. Na gaya masa yadda nake gaya wa kowa. In takarda ta zo hannun Furokire, hanya uku ce. Ko ya ga ba abin kamawa ya rufe magana. Ko ya ga abu a fili yake ya kai gaban alƙali kai tsaye. Ko kuwa in magana na da duhu, ya ba alƙalin bincike ya tona. Na ce wannan a fili take, za a kai gaban alƙali, amma ana jiran takardar lokotoro, wato likita, a san girman raunin.

"To shi Hurokire, nawa ne ko na yaron?"

"Ba naka ba ne, Baba, ba kuma nasa ba. Na hukuma ne. Yana tsayawa ne a madadin jama'a."

Ya jinjina kai, bai gamsu ba. Ya naɗe takardar. Har ya juya sai ya dawo.

"Yaron, yana da uwaye?"

"Yana da uwa."

"Allah shi ba ta haƙuri. Ni tawa matar tana Doso, a ƙasa take kwana bakin gadon Tukur."

Na ce amin. Na rufe taga da wuri.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Wanki. Na wanke har abin da ba ya da dauɗa.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Ranar zaman kotu. An kira maganar, an ɗage, takardar lokotoro ba ta iso ba. Daga bakin masu jira a fili na ji, ba daga Estelle ba. Ni da Estelle mun yi shekaru muna cin abincin rana a kwano guda, ita da shinkafarta ni da dambuna. Yanzu ma muna ci tare, amma hira ta koma ta farashin albasa da ciwon gwiwar mijinta. Ta gaji, na gani. Aikin parke ba irin na hatimi ba ne. Waya ba ta yin shiru, kowace birgad ta jandarma na kira ta faɗi wanda ta tsare, ana lissafin lokacin da doka ta ba su kafin su kawo shi ko su sake shi. Jiya ta tambaye ni inda nake ajiye takardun rahoton wata da ake aika wa Dosso. Na nuna mata da baki daga ƙofa. Ban shiga ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da azahar

Furokire ya zo tagata da kansa. Bai taɓa ba.

"Madam Sa'adatu, ke kika aiko mini mutane?"

"Waɗanne mutane?"

Ashe Alhaji ya kwaso wani babban ɗan kasuwa da wani mai rawani, sun bi shi har gida da safe, wai sun zo gaisuwa. Ya ce ko shayi bai sha ba ya bar musu falo.

"Wallahi ban sani ba."

Ya daɗe yana kallona. Idanunsa sun yi ja, na san jiya ya je Tibiri kan wata gawa da aka tsinta a rijiya, sai da ya sa hannu aka binne. Ya ce, "Na yarda. Amma ki gaya musu duk wanda ya sake zuwa, ƙara wa yaron nauyi yake. Duk garin nan ido aka zuba mini a ga ko ɗan gida zai sha daban."

Madam Sa'adatu ya ce, alhali mu kaɗai ne.

Na kira Alhaji na gaya masa. Ya kashe waya ina cikin magana.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Hindatu ta dawo da kwano bai taɓa ba. Ta ajiye a gabana da ƙarfi.

"Ya ce ba ya jin yunwa."

"Ya rame?"

"Inna, in kina so ki sani, hanya ba ta da nisa."

Ban taɓa jin ta yi mini magana haka ba. Ban yi mata faɗa ba. Ƙarfin faɗan ma babu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gaji.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Tsohon ya sake zuwa. Yanzu in ya shigo tagata yake fara nufa, ya gaishe ni, ya ce ɗiyata ina gajiya. Ya ce Tukur ya buɗe ido ran Asabar, ya motsa yatsu, har an ɗiga masa madara a baki. Ya ce shanu sun rame don ba mai kai su nesa, ƙannen duk ƙanana ne, ga gonaki ba a gama girbi ba, ko ina ka bi sai rigima.

Na yi murna da jin an buɗe ido. Na tsaya ina tambayar kaina don wa na yi murnar. Ban samu amsa mai daɗi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Estelle ta shigo ta rufe ƙofa. Ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Sa'a, wannan ba dosiye ba ne, rasuwa ce, don haka zan gaya miki. Tukur. Jiya da yamma."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta dafa kafaɗata, ta fita.

Ba sai an gaya mini sauran ba. Na sha ganin Furokire ya ja layi da jan biro a kan "rauni ba da gangan ba", ya rubuta "kisa ba da gangan ba" a sama. Ni ke sake buga takardar. Ban taɓa tunanin komi ba lokacin da nake bugawa, sai dai in kiyaye kada in yi kuskuren harafi.

Akwai mutane a layi. Na ci gaba da buga hatimi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Na je kaso.

Na sha shiga gidan nan bayan Furokire, in ya je duba waɗanda ake tsare da su kamar yadda aikinsa ya ce, ni riƙe da jerin sunaye. Ta babbar ƙofa muke shiga, ana sara mana. Yau na bi layin mata masu kwano. Mai gadi ya gane ni ya ce in wuce gaba, na ce a'a.

Aka fito da shi. An aske masa kai. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango.

Na ce, "Mutumin ya rasu."

Ya zauna a ƙasa, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Na ga bayan wuyansa, wurin da kunama ta harbe shi yana ƙarami. Na jira. Mutane na ta hira gefe da gefe, wata na ba mijinta labarin akuyarsu ta haihu.

Da ya ɗago, ya ce, "Yana da ƴaƴa?"

"Ban sani ba."

Can ya ce, a hankali, "Inna, ran Juma'ar nan na ji ki kina kiran jandarma a waya. Bangon ɗakin ajiya ba ya da kauri."

Na buɗe kwano na tura gabansa. Na ce, "Ci abincinka."

Ya ci. Yana ci hawaye na zuba cikin miya, bai goge ba. Ban tambaye shi abin da ya sa bai tsaya ba. Bai ƙara cewa komi a kan wancan ba. Da aka buga ƙarfe na tashi, ya ce in gaida Hindatu, wadda ya gani jiya.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan isha'i

Mun je gaisuwar rasuwa. Alhaji ya tara maza daga Kore Mairuwa, bai gayyace ni ba, na shiga motar na zauna. Ba wanda ya ce in sauka.

Mun bi laterit ɗin. Wani daga baya ya ce "nan ne", direba ya rage gudu. Ba komi a wurin. Karan hatsi, kashin shanu, hanya miƙaƙƙiya wadda ko yaro zai hango mutum daga nesa in da haske.

Rugar na bayan Dumega. Maza suka zauna wajen maza, aka kai ni wajen mata. Uwar Tukur na kwance, an ce tun da aka dawo daga Dosso ba ta magana. Matarsa, Zubaida, yarinya ce, da jariri a cinya da wani mai tatata yana jan zanenta. Na yi gaisuwa. Aka tambaya ni wace ce. Na faɗa. Wata tsohuwa ta janye ƙwaryar furar da ta riga ta ajiye a gabana. Wata kuma ta mayar.

Da za mu tafi, tsoho Ma'azu ya rako maza bakin mota, sai ya gan ni. Ya tsaya.

"Madam ta taga."

"Ni ce, Baba."

"Mi ya kawo ki cikin mutanen ga?"

Alhaji ya ce, "Ai ita ce uwar yaron."

Tsohon ya dafa sandarsa da hannu biyu. Sannan ya ce, "Yana da uwa, kika ce min."

"Haka na ce."

"Ba ki yi ƙarya ba."

Bai yi mini sallama ba.

Tukur yana da ƴaƴa biyu. Ban san ko zan gaya wa yayan Hindatu ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da azahar

Motar jandarma ta zo, na ji ƙarar ƙofarta. Masu rigimar gona da shanu ne suka fi yawa, lokacinsu ne. Ba abin da ya tsaya.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Ciwon kai. Na je aiki duk da haka, zaman gida ya fi ciwo.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Tsohon ya zo. Ya wuce tagata bai duba ba, ya zagaya can. Ba kuran, duk ƙofofi a buɗe don zafi, kuma shi mutum ne da ya saba kiran shanu. Ban saurara ba, ji na yi.

"Na zo in ce na yahe. A saki yaro, a ƙare magana."

Muryar Furokire ba ta kai ni sosai ba, amma na san abin da yake faɗa, na sha jin sa. Mai haƙƙi na iya yafe nasa, ya ce ba ya neman komi, kuma za a rubuta. Amma ƙarar hukuma ba ta mutuwa da yafiyarsa, sai an je gaban alƙali.

"Ɗana ne ko naku?"

"Naka ne, Baba."

"Ni na haihe shi, ni na binne shi, ni na ce na yahe. Ku mi naku ciki?"

Nan Furokire ya ɗaga murya kaɗan, ba da faɗa ba. "Ɗa naka ne. Amma hanya ta kowa ce. Gobe wani zai ƙetarar da shanu a wurin nan, wani kuma zai hau babur ba fitila. Na yi maka alkawari zan faɗa wa alƙali da bakina cewa ka yafe."

Da ya fito sai ya tsaya a tagata. Na miƙe tsaye.

"Kada ki gode min," ya ce. "Ba don ɗanki na yi ba. Na gaji da hanyar Dutsi ne. Kowane zuwa sai na bar shanu hannun yara, kowane zuwa sai an sa na sake faɗin yadda aka tsince shi. Ina so in zauna gida in yi kukana. Shi ma sun hana."

Na ce, "Sau ɗaya ya rage, Baba."

"Haka kuke cewa."

Asabar, 1 ga Nuwamba, da yamma

Hindatu ta zo ta zauna kusa da ni ina tsintar wake. Ta ɗauki nata rabo tana tsinta. Ba mu yi magana ba, amma ta zauna.

Litinin, 3 ga Nuwamba, bayan an tashi aiki

Furokire ya tsaya a ƙofar birona da jakarsa a hannu.

"Mama, gobe ne. Ba dole ki zo ba."

"Zan zo."

"Zan faɗi abubuwan da ba za ki so ji ba. Aikina ne."

"Na buga maka irinsu da yawa."

Ya yi ɗan murmushi na gajiya. Ya ce matarsa ta kira daga Damagaram tana tambaya ko ya manta hanyar gida. Sai ya tafi.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Duk shekarun nan daga gaba nake kallon ɗakin kotu, kusa da alƙali. Yau na zauna a benci na baya cikin mata. Daga can ba a jin komi sosai in fanka na juyawa, kuma benci na da ƙusa. Ban taɓa sani ba.

Aka yi na ɓarayin kaji biyu, aka yi na wani da ya fasa wa maƙwabcinsa kai. Sannan aka kira sunansa, cikakke, da na ubansa. Hindatu ta kama hannuna.

Alƙali ya tambaye shi da faransanci, tafinta na juyawa. Ya amsa komi. Babur na uban gidansa ne, fitila ta mutu tun sati, ya so ya yi lodi ɗaya na ƙarshe kafin duhu. Permi, lasin tuƙi, ba ya da shi.

"Da ka buge shi, ka sauka?"

"Na sauka."

"Ka duba shi?"

"Na duba. Yana numfashi."

"Ya yi magana?"

"Bai yi ba. Ya kama mini ƙafar wando."

"Sai ka yi yaya?"

"Na ji muryoyi daga cikin gona. Na ji tsoro za a kashe ni. Na fizge."

Wannan ban san shi ba sai yau. Tsoho Ma'azu na zaune gaba, ban ga fuskarsa ba, malfarsa kawai na ga ta sunkuya. Aka tambaye shi ko yana neman wani abu a kan mutuwar ɗansa. Ya ce ba ya neman komi, a bar shi ya tafi.

Furokire ya miƙe cikin baƙar rigarsa. Bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Ya ce hatsari kan faɗa wa kowa, amma barin mutum kwance a hanya zaɓi ne. Ya ce lokotoro bai iya tabbatar da cewa da an kai shi da wuri zai rayu ba, kuma ba wanda zai taɓa sani, wannan rashin sanin kuwa yaron nan ne ya jawo shi. Ya faɗi Zubaida da ƴaƴanta biyu. A nan yayan Hindatu ya juyo ya neme ni da ido. Sannan Furokire ya cika alkawari, ya ce uban mamaci ya yafe, yaro bai taɓa laifi ba, bai kuma yi wa kotu gardama ba. Ya nemi shekara biyu, ɗaya a kaso, ɗaya a jingine.

Alƙali ya yanke shekara biyu, wata takwas a kaso, sauran a jingine muddin bai sake ba.

Alhaji ya tashi ya fita yana kaɗa riga. Wasu a bayana suka ce an yi sauƙi don ɗan gida ne. Wasu suka ce an tsananta don ɗan gida ne. Estelle na can gaba tana rubutu, kanta a ƙasa. Gobe zan koma teburina, in ji ta.

Na fito bayan kowa. A bakin ƙofar waje na tarar da tsohon yana jiran motar Dumega, sanda a kafaɗa. Na rasa ko in wuce ko in tsaya. Na tsaya.

"Baba, Allah ya jiƙan Tukur."

"Amin."

Motar kaso ta fito ta gabanmu da waɗanda aka yanke wa hukunci. Mu duka muka bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ya ce, "An ƙare ke nan?"

"An ƙare."

"To."

Ya gyara malfa. Ya dubi rana, ya dube ni.

"Tahi gida ki ɗora tukunya, madam, tun ba su rufe ƙofa ba. Ke kina da inda za ki kai abinci."

Motarsa ta zo, ya shiga baya tsakanin buhuna, bai waiwayo ba.

Na dafa shinkafa da wake. Hindatu na neman murfin kwano. Yanzu za mu fita.